ISKAR SATA: YADDA AKE GANO YOYON ISKA A INJIN TSOHUWAR MARSANDI

Shimfiɗa

Duk wanda ya saba bin titunan Maiduguri, kama daga hanyar Bama zuwa Kwastan, ko daga hanyar Baga zuwa Bulumkutu, zai yarda da ni cewa tsofaffin motocin Marsandi ba su gama ɓacewa ba tukuna. Jefi-jefi mutum kan ci karo da 230E ko 280E, ko 'yar ƙaramar nan 190E, ko kuma wadda ake kira V-boot saboda siffar murfin bayanta, galibi a hannun dattawan da suka saye su tun suna ganiyar aiki, ko a hannun 'ya'yansu da suka gada. Sai dai idan aka ɗaga bonet ɗin da yawa daga cikinsu, za a tarar an cire na'urar ba da fetur ta asali an ɗora kafireta a gurbinta. In ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: "Ai injekta ce ta lalace."

Manufar wannan maƙala ita ce nuna wa mai karatu cewa sau da yawa injektar lafiyarta lau, laifin wani ne aka ɗora mata. Mai laifin kuwa shi ne ɗan tsagi a jikin roba, wanda wani lokaci bai kai faɗin farce ba, da iska ke bi ta shiga inji ba tare da an auna ta ba. Abin da na sani a wannan fanni na tsince shi ne a garejin da kawuna ke kai motarsa, inda nakan je lokacin hutu ina miƙa sifana ina baza kunne.

Tun da 'yan'uwana ɗaliban harshe nake magana da su, ya kyautu mu daidaita kan wasu kalmomi tukuna. A gareji, idan inji yana juyawa mota na tsaye ba a taka totur ba, akan ce yana "sulo", kalmar da muka aro daga Turanci, ita ce kuma ke cikin "gosulo". Ƙarfin da inji ke jawo iska da shi kuwa makanikai na ce masa "bakum". Ni a nan zan riƙa kiran sa "zuƙo", domin duk wanda ya taɓa shan kunun zaƙi ta tsinken roba ya san abin da ake nufi. Ita kuwa iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya, Jamusawa da suka ƙera motar suna kiran ta Falschluft, wato iskar ƙarya. A ganina "iskar sata" ta fi zama a bakin Bahaushe, don iskar ta gaskiya ce, shigowarta ce kawai ta sata.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Sunan na'urar K-Jetronic, kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da ita a 1973, kuma motar Porsche 911 ce ta fara amfani da ita. Harafin K ɗin daga kalmar Jamusanci ne mai nufin abin da ba ya yankewa, domin kuwa muddin inji na juyawa, fetur na ta fesuwa ba tsayawa. Bayan Marsandi, an sa ta a Volvo 240 da Golf GTI da wasu motocin Turai da dama. A wajen Marsandi, 280E mai silinda shida ta zo da ita a 1976, sannan 230E mai silinda huɗu ta biyo baya a 1980. A 1982 aka fito da 190E da wata 'yar'uwarta mai suna KE-Jetronic, wadda aka ƙara wa 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, kuma irinta ce a cikin V-boot. Galibin Peugeot 504 da muka sani a ƙasar nan, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kafireta gare su, kuma a kansu akasarin makanikanmu suka koyi aiki. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa hannunsu ke saurin komawa ga kafireta.

Inji, in aka bi ta barauniyar fahimta, famfon iska ne. Duk lokacin da fistan ya yi ƙasa yakan zuƙo iska ta cikin wani bututu mai rassa da ake kira manifol. A bakin manifol akwai wata 'yar ƙofa da ke haɗe da totur. In direba bai taka ba, ƙofar kusan a rufe take, fistoci na ta ja amma iskar da ke samun shiga kaɗan ce, saboda haka sai matsin iskar da ke cikin manifol ya faɗi ƙasa da rabin na waje. Wannan bambanci shi ne zuƙo. Iskar waje kuwa kullum neman hanyar cike wannan giɓi take yi, ko ta ina ne.

Domin fetur ya ƙone yadda ya kamata, ana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur. In aka juya wannan lissafi zuwa lita, lita ɗaya ta fetur na cin iska wajen lita 9,000. Ke nan dole a san yawan iskar da ta shiga kafin a san fetur ɗin da za a bayar. Motocin zamani kwamfuta ce ke yi musu wannan lissafi. K-Jetronic kuwa da sikeli take yin sa. Bayan iska ta wuce matata, sai ta bi ta cikin wani mazurari wanda aka toshe tsakiyarsa da faifan ƙarfe. Faifan yana maƙale ne a bakin wani hannu mai lilo kamar na sikelin mahauta. Gwargwadon yawan iskar da ke wucewa, gwargwadon yadda take ture faifan, a Marsandi ƙasa take danna shi, a Golf kuwa sama take ɗaga shi. Wannan motsi shi ke tura wani ɗan sandan ƙarfe a cikin mai rabon fetur, wato dunƙulen ƙarfen nan da siraran bututai ke fita daga kansa kamar ƙafafun gizo-gizo. Sandan na matsawa, wasu ƙananan tsaguna na buɗewa, fetur ɗin da famfo ya matso da ƙarfin kusan bar 5 yana bi ta bututan zuwa bakin kowace silinda.

Abin lura a nan shi ne, na'urar ba ta da ido a ko'ina sai a kan faifan nan. Iskar da ta taɓa shi kaɗai ta sani. Kamar mai awon gero ne a Kasuwar Litinin da ke ƙirga mudu a bakin buhu, alhali wani na zuba ƙaiƙayi ta wata ɓula a gindin buhun: lissafinsa daidai ne, amma abin da ke cikin buhu ya saɓa wa lissafin. Duk iskar da ta shiga a bayan faifai ba a ba ta rabonta na fetur ba, sai gaurayen ya tsinke, kamar kokon da aka cika wa ruwa.

Alamomi

Me ya sa ɗan tsagi ke iya girgiza injin lita 2.3? Amsar tana ga sulo. A lokacin da inji ke juyi kimanin 800 a minti, iskar da yake sha kaɗan ce ƙwarai, zuƙo kuma a lokacin ya fi ƙarfi. Don haka 'yar iskar satar sai ta zama babban kaso na abin da ke shiga. Amma da an taka totur ƙofa ta buɗe, zuƙo ya ragu, iskar halal ta yi yawa, ta satar sai ta ɓace a cikinta. Shi ya sa mai irin wannan mota zai ce maka a kan hanyar Damaturu ba ta da matsala ko kaɗan, amma da ya shigo gosulon Fost Ofis sai ta kama rawar ɗari, ta mutu a tsakiyar 'yan Keke Napep. Wannan bayani shi kaɗai ya isa ya sa a fara zargin iska.

Sauran alamomin sun haɗa da sulo mai hawa da sauka kamar numfashin mai asma, ko sulo da ya haura ya ƙi saukowa, da wahalar tashi da sassafe, da 'yar shaƙewa idan aka taka totur daga tsaye, wani lokaci har da atishawa ta wajen matatar iska. In aka kwance filogi za a gan shi fari fat maimakon ruwan ƙasa-ƙasa. Nan ma akwai abin karantawa. Idan filogi ɗaya ne ya yi fari, ɓarakar tana kusa da silindarsa. Idan duka ne, sai a nemi tsagin can sama, inda hanya ba ta rabu ba tukuna.

Garinmu kuma bai tausaya wa roba ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet. Robar da ta shekara arba'in tana shan wannan gashi takan bushe ta yi tauri kamar ƙirgi, ramukan hanya su girgiza ta, sai ta tsage. Ga ɓera kuma, wanda ba ya raina tiyo. Amma abin da ya fi damuna shi ne ƙurar hunturu. Iskar sata ba ta bi ta matata ba, saboda haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce take kwasowa kai tsaye zuwa cikin silinda, inda take gurzar bango da zoben fistan sannu a hankali. Mai mota yana ganin rawar sulo ce kawai yake haƙuri da ita, ashe injin ne ke cinyewa.

Maɓoyar Ɓarawo

Wuri na farko shi ne babbar robar da ta haɗa mazurarin faifai da ƙofar totur. A Marsandi tana kwance ne a ƙarƙashin na'urar, ido ba ya kai mata sai an leƙa da tocila ko an ɗaga na'urar gaba ɗaya. Sai kuma tiyoyin da ke kewaye ƙofar totur su kai wa inji ƙarin iska lokacin da yake da sanyi. Sai zobban robar da ke riƙe kowane bakin fesa fetur a raminsa, waɗanda ke zaune daf da kan inji, wurin da ya fi ko'ina zafi. Sai gasket ɗin da ke tsakanin manifol da kan inji. A wasu injinan ma har tiyon da ke fitar da tururin baƙin mai, da murfin zuba man, kan jawo wannan matsala.

Bugu da ƙari, Jamusawa ba su bar zuƙo ya tafi a banza ba, sun sa shi aikace-aikace da dama. Shi ke taimaka wa ƙafar direba wajen taka birki ta hanyar baƙar tukunyar nan da ke bayan feda, wadda makanikai ke kira busta. Shi ke gaya wa giya mai sarrafa kanta nauyin da inji ke ɗauke da shi. Shi ke gyara lokacin tartsatsin filogi a tsofaffin injina. A samfurin W123, wato jikin su 230E da 280E na farko, har kulle ƙofofi da zuƙo ake yi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da siririn tiyonsa da ke komawa manifol, kuma kowane tiyo ƙofa ce. Wato mai yiyuwa ne abin da ke kashe inji a shataletale yana can cikin murfin ƙofar baya.

Motar kawuna 230E ce ƙirar W123. Akwai shekarar da ta matsa masa da mutuwa a gosulo, wani mai gyara ya ce masa mai rabon fetur ne ya gaji, ko dai a nemo na Beljiyam ko a mayar da ita kafireta a huta. Kafin ya yanke shawara sai ya kai ta wurin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana taɓa Marsandi. Dattijon bai ɗauki ko sifana ba. Ya sa aka tayar da ita, ya tsaya ya saurara, sannan ya ce, "Alhaji, a kan babbar hanya tana yi maka haka?" Kawu ya ce, "Ko kusa, Malam. In ta miƙe sai ka ce jirgi." Ya ce, "To, mai rabon da ya gaji ba ya zaɓen hanya." Sai ya juyo gare ni ya ce, "Yaro, shiga ka danne birki ka sa ta a giya." Ina sawa injin ya ɗan karkata, sai muka ji wani siririn fito, motar ta mutu nan take. Da aka ɗaga na'urar, ga tsagi nan a ƙasan babbar robar, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Kuɗin robar bai kama ƙafar abin da aka nema na mai rabon fetur ba.

Hanyoyin Bincike

Kafin a shiga farautar iska, wajibi ne a tabbatar wuta lafiya take, domin mataccen filogi ko tsagaggen wayarsa na kawo rawa iri ɗaya. A duba matatar iska. A kuma danna faifan da yatsa a hankali a ji ko yana tafiya sumul ba ya gogar bangon mazurari. In duk waɗannan sun yi daidai, sai a fara da abin da ba ya cin ko kwabo.

Da yawa daga cikin Marsandin wancan zamani suna da wani ɗan geji a dashbod da allurarsa ke tafiya daga baƙi zuwa ja, wanda aka yi don nuna wa direba yadda yake shan mai. Mutane ƙalilan ne suka san cewa zuƙon manifol yake aunawa. Idan inji ya yi zafi yana sulo, an kashe na'urar sanyaya ɗaki, giya kuma tana firi, allurar ya kamata ta kwanta can ƙarshen hagu. In ta ɗago ta nufi ja alhali ba a taka komai ba, zuƙo ya yi rauni. Wanda ke da gejin hannu kuwa sai ya haɗa shi da manifol. Lafiyayyen inji kan nuna inci 17 zuwa 21 na zaiba, allura a tsaye cak. Akan rage kusan inci ɗaya ga kowace mita 300 ta tudu, kuma Maiduguri kusan haka take bisa teku, don haka kada a tsorata in an ga ya ɗan gaza. Allurar da ta tsaya ƙasa ba ta motsi tana nuna yoyo ko taimin da ya makara. Wadda ke karkarwa kuwa ta fi nuni ga bawul, wannan kuma wani ciwon ne daban.

Daga nan sai ido da hannu, inji a kashe kuma da sanyi. A bi kowane tiyo a matsa shi, a lanƙwasa shi, musamman bakinsa inda ya hau kan ƙarfe, domin nan ne ya fi tsagewa. Robar da ta yi tauri ko take barin baƙi a yatsa ta gama aiki ko da ba a ga tsagi ba. Sai kunne: a samo guntun tiyo mai tsawon kamu biyu, a kafa baki ɗaya a kunne, a riƙa yawo da ɗayan a kan mahaɗai inji na sulo. Yoyo yana da sauti irin na maciji. Sai dai a yi hattara da fanka da fanbel, a naɗe hannun riga, mai babbar riga kuwa ya tuɓe ta tukuna.

Hanyar da na fi so ita ce ta ware masu laifi ɗaya bayan ɗaya, don ba ta bukatar komai sai haƙuri. A zare siririn tiyo guda daga jikin manifol, a toshe bakin ƙarfen da yatsa. Idan sulo ya daidaita nan take, to ɓarawon yana kan wannan layi, sai a bi shi har ƙarshensa. In babu canji a mayar da shi a zare na gaba. Kada a zare biyu a lokaci guda, kuma ya fi kyau a ɗauki hoton wurin da waya kafin a fara, saboda tiyoyin nan sun yi kama da juna. Idan aka zare na giya aka ga jan mai a cikinsa, fatar da ke can ƙarshensa ta fashe, inji na shan man giya ke nan, kuma shi ne ke kawo farin hayaƙi a salansa.

Tukunyar birki tana da nata gwajin, kuma ko ba a jin wata rawa ya kamata kowane direba ya san shi. Inji a kashe, a taka birki sau huɗu ko biyar har feda ta yi tauri. A ci gaba da danne ta, a tayar da mota. In tukunyar na da lafiya za a ji fedar ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafa. In ba ta motsa ba, ko kuma ana jin huci a wajen ƙafa duk lokacin da aka taka birki sulo kuma na rikicewa, to akwai yoyo a tukunyar ko a tiyonta. Wannan ya wuce zancen jin daɗin tuƙi. Motar da ta kai nauyin Marsandi, in birkinta ya rasa taimakon zuƙo, tsayar da ita a gaban yaron da ya tsallako titi sai an yi da gaske.

Akwai kuma fesawa. Akan fesa wani abu a kan mahaɗar da ake zargi a saurari inji. In ruwa ne, yakan toshe tsagin na ɗan lokaci ko injin ya zuƙe shi, sai a ji sautin ya canza. In maganin wanke kafireta ne, injin kan ƙone shi sulo ya ɗaga. Na sha ganin masu gyara suna tsiyaya fetur daga gorar ruwa a kan inji mai zafi don wannan gwaji. Gaskiya yana nuna wurin, amma tartsatsi ɗaya daga tsohon wayar filogi ya isa ya tashi mota da mai gyaranta. Ruwa a 'yar kwalbar fesawa ya wadatar, a dai kauce wa wayoyin wuta.

Idan duk an yi waɗannan ba a dace ba, saura hayaƙi, wanda shi ne ba ya ƙarya. Manyan gareji suna da injin yin sa. Dattijon da na ambata kuwa gwangwanin madara yake amfani da shi, ya huda murfinsa biyu, ya sa garwashi ɗaya da ɗan turaren wuta a ciki, abin da ba a rasawa a kowane gida a Barno. Huda ɗaya ya haɗa ta da famfon keke, ɗayar da dogon tiyo zuwa manifol. Inji a kashe kuma da sanyi, ya ɗaure bakin mazurari da leda, ya ajiye gwangwanin a ƙasa nesa da mota, ya riƙa bugawa a hankali. Ba a son matsi mai yawa, don kada a fasa abin da bai fashe ba. Cikin minti kaɗan sai ka ga siririn hayaƙi na tasowa daga inda ba ka taɓa zato ba, gareji kuma ya ɗauki ƙamshi kamar ɗakin amarya.

Sukurun da Ba a Taɓawa da Gaggawa

Tsakanin mazurari da mai rabon fetur akwai wani ɗan rami, a cikinsa akwai sukuru da ake juyawa da alanki mai milimita 3. Juya shi dama na ƙara fetur, hagu na ragewa. Nan ne mafi yawan ɓarna ke faruwa. Mota ta zo tana rawa saboda iskar sata, mai gyara ya zura alanki ya ƙara mata fetur, rawa ta lafa, mai mota ya biya ya tafi yana godiya. Amma tsagin yana nan, ƙura na ci gaba da shiga. Sannan sukurun ba sulo kaɗai yake shafa ba, ya ɗaga ma'aunin ne gaba ɗaya. Saboda haka a kan babbar hanya, inda iskar satar ba ta da tasiri, motar sai ta riƙa shan fetur fiye da bukatarta, filogi ya yi baƙi, salansa ta yi tururin baƙin hayaƙi. Bayan wata biyu a dawo a sake juyawa. A haka ake yi har ma'aunin ya rikice, a ce injekta ta lalace.

A da, lokacin da mai ke da araha, ana iya kawar da kai ga wannan. Amma bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma naira 557 a Maiduguri cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta ƙara hawa. Mai tsohuwar mota, wanda sau da yawa ɗan fansho ne, ba shi da rarar da zai riƙa ƙonawa don rufe tsagin roba. Ƙa'idar ita ce a toshe kowane yoyo tukuna, inji ya yi zafi, sannan a taɓa sukurun, shi ma kaɗan-kaɗan, in da hali da na'urar auna hayaƙi a bakin salansa. A kuma zare alankin kafin a taka totur, in ba haka ba hannun faifan na iya lanƙwashewa. Ga masu KE-Jetronic da ke da na'urar shinshina hayaƙi a salansa, ƙwaƙwalwar lantarkin kan yi ta ƙara fetur da kanta don cike giɓin, ta ɓoye ciwon har sai ya fi ƙarfinta, don haka rashin rawa a irinsu ba shaidar lafiya ba ce.

Ba ina cewa kowace matsala iska ce ba. Motar da ke tashi lafiya da safe amma ta ƙi tashi bayan an tsaya sallar azahar tana da zafi, galibi matsin fetur ne ke zubewa, sai a duba ma'ajiyar matsi da bawul ɗin famfo da ke ƙarƙashin mota. Wadda ke wahala da sanyi kaɗai ta warke da ta ɗumama, a duba na'urar da ke ƙara mata fetur lokacin ɗumi. Mai rabon fetur ma yakan lalace da gaske, kuma abin da ya fi kashe shi shi ne datti da ruwa, irin wanda ake samu a man jarka na 'yan bumburutu, ko kuma barin mota ta yi watanni a ajiye. Waɗannan sai da gejin matsin fetur ake tabbatar da su, kuma ba aikin ɗan koyo ba ne, domin bututun da ke ɗauke da bar 5 in aka sassauta shi da ganganci fesowa yake yi har fuska.

Wajen gyara kuwa, salatif da gam da tsumman tayar keke na iya kai mutum gida, amma ba sa kai shi ƙarshen bazara. Robar da aka ciro daga injin Beljiyam ita ma sa'ar wadda ta tsage ce, shekarunsu ɗaya, don haka a nan sabuwa ta fi ko da ba ta kamfanin asali ba ce. Idan zoben baki ɗaya ya bushe a canza duka, tun da tare suka sha zafin. Ɗan bawul ɗin da ke kan tiyon birki hanya ɗaya yake barin iska ta bi, sai a lura da yadda yake fuskanta kafin a cire shi. Bayan an gama a sake hura hayaƙi, saboda toshe babban tsagi kan fito da ƙananan da ke ɓoye a bayansa. Sannan a hau hanyar Dambuwa a yi 'yan kilomitoci, a dawo a bar ta tana sulo na minti biyar ana kallon allurar dashbod, in inji ya huce a kwance filogi a ga ko ya koma ruwan ƙasa.